Keken da Aka Yanka da Awon Wando

Laifin da zan yi magana a kansa shi ne mutum ya ɗauki dokar shagonsa ya shiga da ita shagon wani, a gaya masa gaskiya ya ce shi ya riga kowa sani. Taurin kai ne, amma irin na masu sana'a, wanda ya fi na jahili muni, domin shi jahili in ya rasa hanya yakan tambaya. Ban je nesa neman mai laifin ba. Yana zaune a kan kujerata, ƙafarsa ɗaya a naɗe, shi ke riƙe da wannan alƙalami.

Ni tela ne, tun gashina na baƙi har idona ya fara gardama da kafar allura. An san ni da abu biyu: ɗinkina ba ya farkewa, bakina kuma ba ya shiru. Wanda na fi tsana a duniya shi ne mutumin da zai zo awo ya haɗiye tumbinsa, ya riƙe numfashi har idonsa ya yi ja. Nakan tsaya da tef a hannu in jira shi ya gaji. In ya saki, sai in ce, "Yauwa, yanzu mai rigar ya iso." Na kori manyan mutane daga shagona a kan wannan. Ku riƙe maganar nan, za ta dawo.

Ina da lambu a bayan tudun da ke ƙarshen gari. Da hannuna na dasa kowane itace a ciki, lemo da gwaiba da mangwaro, wasunsu sun girmi 'ya'yana. Hanyar zuwa can ba hanya ba ce, sawun ruwa ne da duwatsu. Mota ba ta shiga, babur ma sai mai ƙarar kwana. Da ƙafa nake zuwa, har gwiwoyina suka fara kuka kamar ƙyauren da ya manta da mai. Na gwada tsohon kekena na zuwa kasuwa, ya karye a tsakiyar tudu, ni na dawo da shi a kafaɗa.

Daga nan babbar 'yata ta sa ni a gaba. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta gaji bakina kaf, ba ta rage wa ƙannenta ko kaɗan ba. Mijinta shi ne wanda kowa ke kira Dogo, mutumin da in zai shigo ɗakina sai ya fara sunkuyawa tun daga tsakar gida. Yana da ladabi har ya ba ka haushi.

Ta ce, "Baba, ka ba Dogo makullin lambun nan. Shi ya riƙa zuwa, kai ka riƙa cin gwaibarka a inuwa."

Na ce, "Mutuwa na yi?"

"Ba ka mutu ba, amma kana nema."

Na gyara zama zan kawo mata karin magana, sai mai ɗakina ta ce daga bakin murhu, "Ajiye ta, Malam, ba za ta lalace ba. Amsa wa yarinya."

Sai na ciro makullin daga aljihu na buga shi a kan tebur. Na ce, "Ga shi, kowa ya gani. Muddin ni ke kai kaina in dawo da kaina, nawa ne. Ranar da aka ɗauko ni daga hanyar nan kamar buhu, ranar ya zama na Dogo, ba sai an tambaye ni ba."

'Yata ta ce ta ji. Dogo ya sunkuyar da kai kamar shi aka yi wa faɗa.

Shi ɗin ne kuma ya kawo mini labarin mai walda. Ya ce akwai wani a layin masu gyaran mota, shi ba ƙofa da taga yake yi ba, keken hawan dutse yake ƙerawa da hannu, kowa da awonsa. Wannan "kowa da awonsa" ita ta kama ni. Na ce a raina, ashe a cikin masu ƙarfe ma akwai 'yan'uwanmu.

Dogo ya raka ni. Shagon ɗan ƙarami ne, bututun ƙarfe a jere a bango kamar yadi a kanta, sirara da masu kauri. A tsakiya wani tebur na ƙarfe mai maƙalai, an ɗaure rabin keke a kai, ba taya ba sirdi. Mai waldan ba zai wuce sa'an Dogo ba. Baƙin tabarau a goshi, rigarsa duk hudar tartsatsi, har hannuna ya yi ƙaiƙayin ya kama ta.

Na gaya masa irin hanyata. Ya ce, "Na gane, Baba Tela. A gaba zan sa masa abin da ke lotsawa ya shanye dutse. Baya kuwa babu komai, ƙarfe ne zalla, duk abin da taya ta taka sai ƙugunka ya ji labari. Amma ba abin da zai lalace a can, kuma ƙarfen nan yana da ɗan sassauci. Ko ya tsage watarana, ana ɗinke shi."

Da ya ce ana ɗinke shi, sai na ji yaron ya shiga raina. Muka shirya.

Sai ya ɗauko tef da wani siririn katako. Ya ce, "To Baba, cire takalmi, ka jingina da bango, ka ɗan buɗe ƙafa. Zan tura katakon nan sama tsakanin cinyoyinka har ya tsaya, in auna daga nan zuwa ƙasa."

Na dubi katakon. Na dubi Dogo a bakin ƙofa, ya tare hasken rana da tsawonsa. Ni, a tura mini katako, a gaban surukina.

Na ce, "Yaro, kafin a haife ka nake awo. Rubuta."

Na karanto masa awona da ka, wanda na yi wa kaina tun ina saurayi, ban taɓa sake dubawa ba, domin wa zai auna tela? Kuma a kan kowanne na ƙara yatsa uku ban faɗa ba. Ba ƙarya na yi niyya ba, ko in ce ba ita kaɗai ba. Dokar shagona ce tun ina koyo: ka bar rara. Abin da ya yi yawa a kalmashe shi, abin da ya gaza kuwa yadi ya tafi. Hannuna bai taɓa yanka abu ba tare da rara ba, bakina ma haka.

Mai walda ya rubuta da alli a kan tebur, ya ja baya, ya dubi allin, ya dube ni daga hula zuwa takalmi.

"Baba, awon nan kamar ya fi ka."

"Kamar?"

"Ƙarfe ba yadi ba ne, Baba. In na yanka na haɗa, ya zauna ke nan. Ba a rage shi."

"Ba abin da ba a ragewa. Ka taɓa ganin wandona yana sharar ƙasa?"

Dogo, Allah ya shirye shi, ya sa baki don ya kyauta mini: "Ai Baba a wajen awo ba shi da na biyu."

Mai walda ya ɗaga kafaɗa ya mayar da katakonsa.

Ranar da muka je ɗauka, na ga abin da ban taɓa mallakar irinsa ba. Kore ne shar, kamar ganyen lemo bayan ruwa. Na bi mahaɗar ƙarfen da babban yatsa, yadda nake bin ɗinkin almajirina in zan kama shi da laifi, ban ji ko ƙulli ɗaya ba. Tayoyi masu kauri da haƙora, kai mai faɗi, ƙarafunan baya sirara kamar 'yan yatsu. Na tsaya kusa da shi, sai na ga sirdin yana kallon aljihun rigata na ƙirji.

Mai walda ya sauke sirdin har ƙarshe. Na ɗaga ƙafa na tsallaka, sai sandar tsakiya ta gaishe ni a inda ba a faɗa. Na tsaya a kan 'yan yatsun ƙafa ina murmushi, hawaye na neman hanya.

Ya matso ya yi ƙasa da murya. "Baba, in ka bari na auna ka yanzu, sai in farke gaban in sake haɗawa. Zai ɗau lokaci, amma zai zama naka."

Dogo na nan tsaye yana tafa hannu a hankali, wai ya yi kyau.

Na ce da ƙarfi, "Haka nake son kekena, da walwala." Na tura shi har gida, na ce fentin bai gama bushewa ba.

Daga nan na shiga aikin da na iya, wato gyaran abin da ya yi yawa. Na ajiye bulo a ƙofar gida, in hau kansa sannan in hau keke. Na kai takalmina wurin mai gyara ya liƙa masa robar taya har hawa biyu, na ce ƙaya ce ta dame ni. Sandar tsakiyar kuwa, na cusa auduga a ragowar yadi na ɗinka mata riga har da maɓallai.

Mai ɗakina ta zagaya keken ta ce, "Malam, shi ma sanyi yake ji?"

"Don kada fenti ya ƙarce."

"To. Bulon fa?"

"Don kada iska ta rufe ƙofa."

"A waje?"

Na ce mata mace ba ta san keke ba. Ta ce haka ne, ita dai ta san mijinta.

Hawa ba shi ne wahala ba, tsayawa ce. In ina kan sirdi ƙafata ba ta kai ƙasa, in na zamo gaba sanda na jirana. Sai na haddace garin nan da wuraren sauka: dakalin mai kanti, bakin kwalbati, tsohuwar tayar da mai faci ya binne rabi a gaban rumfarsa. Inda babu ɗaya daga cikinsu, ba na tsayawa ko wa ya kira ni. In ɗaga hannu in wuce. Har aka fara cewa tela ya sayi keke ya daina gaisuwa. Wata rana na dawo na tarar maƙwabcina ya ajiye motarsa ta rufe bulon. Na wuce gidana kamar ban san shi ba, na zagayo, na sake wucewa. Mai ɗakina na bakin ƙofa da tsintsiya, tana bina da ido. A zagaye na gaba ta ɗaga murya: "Malam, in kawo maka abincin nan ne, ko za ka shigo?"

Amma kada in ci amanar keken. In ya kama hanya, wallahi ban san na tsufa ba. Tudun da ke karya mini gwiwa sai in sauya giya in hau shi ina ƙafa a hankali kamar ina taka keken ɗinki. Gaban ya riƙa lotsawa yana haɗiye duwatsu, bayan ya riƙa bugun ƙuguna yana tuna mini cewa ba a gado nake ba. A gangare ƙarfen yakan yi wani ɗan amo a ƙasan tafin hannu, iska ta cika mini riga. Na yi ihu a hanyar nan, ni da gemuna, inda ba mai ji sai ƙadangaru.

A ƙofar lambu kuma Allah ya rufa mini asiri. Hanyar tana gangarowa ne kai tsaye zuwa ƙofar, kuma daidai gefenta akwai kututturen wani itace da na sare da daɗewa, tsayinsa kamar an auna don ni. In matse birki, in ɗora ƙafar dama a kai, in sauka kamar mai mulki. In zan koma, daga kansa nake hawa. Ban gaya wa kowa ba. Na riƙa dawowa da gwaiba a jaka ina ajiye wa 'yata a kan tebur, kusa da inda na buga makulli, ba na cewa komai. Ita ma ba ta cewa komai. Na ɗauka na ci.

Ranar da abin ya faru, na gangaro da safe, na matse birki, na miƙa ƙafar dama kamar kullum. Ba kututture. Sai rami da jar ƙasa sabuwa, da Dogo a gefe ya dafa diga, gumi na zuba, yana washe baki.

"Baba, sannu da zuwa! Na cire maka shi!"

Na saki birki don kada in faɗi a gabansa, keke ya wuce ƙofa. Bayan ƙofar ba hanya, gangare ne zuwa rafi. Na nemi dutse, na nemi dakali, na nemi ko tururuwa mai tudu, babu. Na ji Dogo a baya yana ihu, "Baba, sa ƙafa! Sa ƙafa a ƙasa!" Kamar ƙasar ce ban gani ba. Na zamo gaba, sanda ta karɓe ni da rigarta da maɓallanta, takalmin nan mai hawa biyu ya taka dutse ya murɗe, na ji idon sawuna ya yi ƙara. Daga nan ni da keke muka yi sallama. Shi ya kwanta a ciyawa lafiya lau. Ni na tafi da baki cikin tsakuwa.

Dogo ya iso yana salati. "Baba, me ya sa ba ka tsaya ba? 'Yarka ce ta aiko ni in duba hanyar. Na ga sawun tayarka kullum yana nufar kututturen nan, saura kaɗan ka buge shi. Da na gaya mata ta ce in cire kafin ya kashe ka."

Na tofar da haƙori na ce, "Ka kyauta."

Na gwada tsayawa, ƙafa ta ƙi. Na ce ya samo mini sanda, ya samo, na yi taku na zube. Ƙarshenta ya durƙusa ya juya mini baya. Haka na hau tudun nan na sauko a bayan surukina, ƙafafuna na lilo, hulata a aljihunsa. Ko a nan ƙafata ba ta kai ƙasa ba.

A gida 'yata ta wanke mini baki, ta ɗaure ƙafar, hannunta da taushi, fuskarta babu. Dogo ya koma ɗauko keke. Da ta gama sai ta zauna a bakin gado ta dube ni.

"Baba, zan tambaye ka abu ɗaya. In keken ne da laifi, in bai yi maka daidai ba, ka faɗa. Sai a mayar wa mai walda ya gyara, ka warke ka ci gaba da zuwa lambunka, maganar makulli ba ta taso ba. In kuwa keke lafiyarsa lau, jikinka ne ya gaza, to ka san abin da ka faɗa da bakinka."

Mai ɗakina na tsaye a bakin ƙofa. Ta yi tari, tarin da na san ma'anarsa tun muna da ƙuruciya. Hanya ce aka buɗe mini, faffaɗa, ba dutse ko ɗaya. Kalma kaɗan ce: na ƙara yatsa uku. Amma in na faɗa, tela ya kasa auna kansa ke nan, a bakin 'yarsa, gobe a bakin gari.

Na ce, "Keken daidai ni yake. Ni na ba da awon."

Mai ɗakina ta ce, "Innalillahi," ta koma madafa.

Na laluba aljihu na miƙa wa 'yata makulli. Ta riƙe shi ta daɗe, tana jiran in sake magana. Ban sake ba.

Can da yamma na ji ƙarar sarƙa a waje. Daga inda nake kwance ina hango ƙofar gida. Dogo ne, a kan kekena ya dawo, ya ɗaga sirdin sama. Ya zo daidai bulon nan bai ko dube shi ba, ya matse birki, ya zamo gaba ya dire ƙafa biyu a ƙasa, sanda na can ƙasa ba ruwanta da shi. Bayansa, hannunsa, lanƙwasar gwiwarsa, komai ya zauna. Idon tela ba ya ƙarya ko da bakinsa ya yi. An yanka keken nan don Dogo ne, ni na ba da awon.

Ya leƙo yana haki. "Baba, keken nan kamar ya san ni!"

Na juya fuska bango.

Washegari 'yata ta ce sai na yi tafiya da sandar guragu, kuma ta kasuwa ba ta da ƙwari, don haka ta kira mai walda ya ƙera mini. Ya shigo da tef ɗinsa ya gaishe ni da ladabi. Na buɗe baki zan karanto awo, mai ɗakina ta ce, "Kwanta, Malam." A kwance aka auna ni, kamar yadi a kan tebur, ita ta riƙe bakin tef a diddigena. Mai walda ya duba, ya sake dubawa, ya faɗi abin da ya gani a gaban kowa. Ban da yatsa ukun da na ƙara, shekaru ma sun zo sun rage nasu ban sani ba. 'Yata ta dubi mijinta, ta dubi keken a jingine da rigarsa, ta dube ni. Ba wanda ya yi dariya a ɗakin. A tsakar gida suka je suka yi.

Na aika a tambayi 'yata ko maganar jiya tana nan. Ta aiko cewa jiya ta tambaya, jiya na amsa, kuma ni na koya mata cewa dattijo ba ya magana biyu.

To ga abin da taurin kai ya ci mini, ku ƙidaya tare da ni. Lambu ya tafi, da lemonsa da gwaibarsa, yanzu sai dai a kawo mini a jaka a ajiye a kan tebur. Keke ya tafi, domin mai walda ya ce zunubi ne a farke abin da ya riga ya sami mai shi. Haƙori ɗaya yana bakin rafi. Takalmi ya lalace, ba ya shiga ko'ina da robarsa. Idon sawu har yau bai yafe mini ba. Sai tsawona, wanda na yi shekaru ina yawo da shi a ka, shi ma an karɓe a gaban surukina. Abin da ya rage mini bulo ne a ƙofar gida, da sandar ƙarfe guda, wadda ta yi mini daidai kamar da ita aka haife ni.